Shekarar da Baba Ya Sassaƙi Kudun Maɗaci

Zafin bazarar bana ne ya tono mini wannan labari. Shekaranjiya da azahar ina dawowa daga lambu, riga ta manne mini a baya, sai na iske 'yan makarantar unguwarmu sun baje a gindin dogonyaron bakin masallaci, kowa da littafi a cinya, suna haddar bayoloji saboda jarrabawar fita sakandare. Wani yana ta jero ɗakunan zuciya kamar mai jan carbi, in ya kawo uku sai na huɗun ya ɓace masa. Ban san lokacin da na jingine keke na zauna a cikinsu ba. Ni dama haka nake, in aka taɓo bayoloji ko yunwa ba na ji. Ban taka aji huɗu na sakandare ba, balle in zauna wannan jarrabawa. Duk abin da na sani tsintarsa na yi, a tsofaffin littattafan mutane da waya da kuma lambu. Amma inda na fara tsintar, wata bazara ce da azumi ya faɗo a tsakiyarta.

Mu mutanen Masama ne, ƙasar Gwandu. Da na gama aji uku, yayana ya tafi ci-rani kudu ya ƙi dawowa, Baba ya ce in dakata shekara guda in kama masa noman rani. Shekara guda ta haifi 'yar'uwarta. To a wannan ranin albasa ta yi mana kyau, har muka cika rudu biyu. Rudu, ga wanda bai sani ba, wani gado ne na itace da kara da ake ɗagawa daga ƙasa, a jibge albasa a kai a lulluɓe da ciyawa, ta zauna tana shan iska har ta yi daraja. Ranar da muka rufe na biyun Baba ya dafa shi ya ce, "Wanga rudu na karatunka, Lawali. In na ga kanka na ɗauka, da ruwa ya zauna sai mu kai shi kasuwa ka koma makaranta."

Daga ranar ruduna ya zama kamar jinjiri a wurina. Ina leƙa shi safe da yamma, in zura hannu in lalubo wadda ta fara laushi in fitar kafin ta ɓata 'yan'uwanta. Abu ɗaya ya rage, Baba ya ga kaina na ɗauka. Yadda zai gani ne ban sani ba, tunda daga ni sai jaki da guga.

Ana saura kaɗan a ga wata sai ga Bashar daga Kalgo, da jakarsa ta goyo da farin takalmi. Bashar ɗan Goggo Asabe ne, ƙanwar Baba, wato taubashina, kuma sa'ana ne. An yi masa rajistar jarrabawa a wata makaranta cikin Gwandu, shi ne aka ce ya zauna gidanmu har ya gama. A al'ada ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, saboda haka bawana ne, kuma tun muna ƙanana haka nake kiransa. Yana sauka daga mashin na ce bawa ya zo a kan gaɓa, ga taki na jiran mai ɗauka. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi bai taɓa ganin ubangidan da jaki ya fi shi tsabta ba. Aka yi dariya, har ni.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kakarmu Inno, mahaifiyar Baba, ta kafa doka cewa ko ruwan alwala kada wanda ya aiki Bashar, kansa cike yake da karatu kada ya zube. Ni da na yi shekara da shekaru ina mijinta na wasa, rana ɗaya ta sake ni. Ta ce ta yi sabon ango mai ƙamshin sabulu, ni in je in auri albasa.

Ga yadda yini yake tafiya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon gero ko fura, gero ma ya yi ƙasa a rumbu har sai an shiga ciki ake ɗebo shi. Da an sallame asuba in ɗora wa jaki mangala in fara jigilar taki zuwa gona, kafin rana ta buɗe ido. Daga nan in wuce lambu, akwai sauran tattasai da kuɓewa da muke lallaɓawa. Rijiyar lambun ta ja baya sosai a shekarar. Injin ya ja ruwa kaɗan sai ya fara tari yana tofar da laka, dole a kashe a jira ta taru. In mai ya yanke kuwa, guga ce, da igiyar da muka yi wa ƙari har ƙullinta ya yi mini kanta a tafin hannu. Kafin hantsi iska ta koma kamar daga bakin tanda take fitowa. Ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin silifa. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai. Harawa ta ƙare, shanunmu biyu haƙarƙarinsu ya fito ana iya ƙirgawa, maƙwabtanmu Fulani kuwa suna hawa gawo suna sare rassa don dabbobi su sami ɗanyen ganye. Yawu ya kafe a baki ya zama kamar ƙaro.

Duk wannan wahala, in na ɗaga kai daga bakin rijiya, abin da nake gani shi ne Bashar. Akwai wani babban maɗaci a gefen lambunmu, kakan Baba ya iske shi a nan, inuwarsa ko tsakar rana sanyi gare ta. Nan Bashar ya mayar ofishinsa. Tabarma, filo, jiƙaƙƙen tawul a wuya, littafi a buɗe a kan ƙirji, shi kuma rabin lokaci barci yake. Da shan ruwa, in an samo ƙanƙara daga Gwandu, kofinsa ake fara jefa wa. Ƙwan zabin Inno, da take cewa na sayarwa ne ko mai jego ba ta ba, sai ga shi a dafe a kwanon Bashar, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Ni kunu ne tsararo da ɗan ƙosai. Wallahi ba ƙwan ne ya fi ci mini rai ba. Littafin nan ne, mai kauri, mai zane-zane kala-kala, yana kwance a ƙirjin mutumin da ke minshari.

Shi da kansa ya buɗe mini ƙofa. Wata rana bayan azahar na zo na zube a gefen tabarmarsa ina haki, ya miƙo mini takardun tambayoyin shekarun baya ya ce, tunda ubangida ya iya haɗa baƙi, ya taimaki bawansa da tambaya. Na karɓa ina yatsina fuska, alhali zuciyata tsalle take. Turancina a lokacin sai a hankali, ina karantawa yana gyara mini yana dariya. Amma Bashar yana da wata ɗabi'a, ba ya riƙe abu sai ya juya shi da Hausa ya faɗa wa wani. Wanin nan kuwa ni ne.

Jama'a, a nan na ji abubuwan da suka hana ni zama lafiya har yau. Ashe zuciya ɗaki huɗu gare ta, ɓangare guda na tura jini huhu ya ɗauko iska, ɗayan na watsa shi ko'ina cikin jiki, kuma jinin nan zagaye yake yi ya dawo, ba tsaye yake kamar ruwa a tulu ba. Ashe fitsarin mai azumi da ke yin ja ya ƙanƙance da la'asar ba ciwo ba ne, ƙoda ce ke tace jini tana mayar da ruwa cikin jiki, tana rowa saboda ta ga babu mai shigowa. Ashe gumin da ke tsiyaya mini a bakin rijiya, bushewarsa ce ke kwashe zafi daga fata. Na koma ina jan guga ina sauraren ƙirjina, ina cewa ga ta nan tana aiki.

Da muka zo kan tsirrai kuwa sai na haukace gaba ɗaya, don su ne abokan yinina. Bashar ya ce cikin kowane itace akwai hanyoyi biyu. Ɗaya sunanta zailam, tana can cikin katako, ita ke ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Ɗayar fulowam, tana nan manne a cikin ɓawo, ita ke sauko da abincin da ganye ya dafa da hasken rana, ta kai wa saiwa. Ya ce ganye kuma yana da 'yan ƙananan bakuna da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita, fitar tasa ce ma ke jawo wani daga ƙasa. Shi ya haddace ya wuce shafi na gaba. Ni ban iya wucewa ba. Na samo farar leda na ɗaure a reshen dogonyaro da safe, kafin la'asar ta yi gumi har ruwa ya taru a gindinta. Na tsaya ina kallon ruwan nan garai-garai, bakina a bushe, ina mamakin itacen da ke zubar da ruwa a sama alhali mu muna haƙa ƙasa muna nema. Na tsinko karan alayyafo na tsoma a ruwan jar galura, da na yanka bayan wani lokaci sai ga ɗigo-ɗigo ja a jere. Na ruga na nuna wa Bashar. Ya ce madalla, amma ba za a tambayi wannan a jarrabawa ba. Na kai wa Baba, ya duba ya ce in daina ɓarnar alayyafo. Inno kuwa da ta ga ledar a reshe cewa ta yi a kwance, kada mutane su ce muna ɗaure ruwan sama.

To yanzu ga maganar maɗaci. A wajenmu ɓawon maɗaci magani ne, ana jiƙa shi a sha don ciwon ciki da zazzaɓi, har dabbobi ana ba su. Kuma ba a sassaƙarsa barkatai. Tun kakanni ƙa'idar ita ce gabas da yamma, ka ɗan sassaƙo ta mafitar rana, ka zagaya ka sassaƙo ta mafaɗarta, ka haɗa. In ka tambayi dalili a ce maka haka aka gada, maganin ya fi ci. Baba kuma bai taɓa hana kowa ba, ya ce magani sadaka ne. A da akwai maɗatai a hanyar Kambaza da ta Ceberu, kowa na zuwa na kusa da shi, amma masu gawayi da masu katako sun bi su ɗaya bayan ɗaya, sai namu ya zama shi kaɗai a yankin. Ga zafi, ga azumi, ciki ya lalace wa mutane da yawa. Kafin azumi ya raba tsakiya, gabas da yamman maɗacinmu sun zama fari fat, tun daga ƙasa har inda hannun dogon mutum zai kai in ya taka turmi. Ɓawo ya rage a kudu da arewa kawai, kamar ɗamara biyu a tsaye.

Sai cikin Inno ya murɗa. Ta kwana biyu ko kunu ba ya zama, ta ce ita ba asibiti ba allura, a jiƙo mata maɗaci. Ranar Bashar ya tafi Gwandu rubuta wata takarda. Ina cikin fangalin tattasai na ji sara. Na ɗago na ga Baba a gindin maɗaci da gizago, ya tsaya ta kudu.

Na yar da guga na zo. Na ce masa ya yi haƙuri ya bari in hau sama in sassaƙo daga manyan rassa. Ya ce ɓawon reshe na yara ne, ba shi da ɗaci, kuma tunda gabas da yamma sun ƙare, kudu da arewa ma jikin icce ɗaya ne. A raina na ce yau ce ranar da Baba zai ga kaina na ɗauka. Na gyara tsayuwa na zuba masa duk abin da na sani. Na ce ɗamarar nan biyu su kaɗai suka rage wa saiwa, ta cikinsu abinci ke saukowa daga ganye, in aka yanke su aka zagaye itacen, zai ci gaba da kore na wani lokaci kamar ba komai, saiwa na can tana mutuwa da yunwa, daga baya ya bushe a tsaye. Har da zane na yi masa a ƙasa da tsinke.

Baba ya saurara har na gama, gizago a kafaɗa. Sannan ya ce, "Lawali, azumi na ka sa ka sambatu. Icce daga ƙasa shika ci. In daga sama abinci ka sauko mai, takin da kaka jigila tun asuba na mi ne?"

Na buɗe baki in bayyana bambancin taki da abincin ganye, kalmomin suka cakuɗe mini. Ya ce in koma ga ruwana kada rijiya ta huce. Ina tsaye ya sassaƙe kudu, faffaɗan ɓawo ja ya faɗo, jikin itacen ya fito jiƙe yana ƙyalli. Ya tattara, ya zagaya arewa, ya tofa yawu a hannu.

Daidai nan mashin ya sauke Bashar a bakin lambu, da farar rigar makaranta da biro a aljihu. Ya ƙaraso yana fifita da takarda, ya dubi itacen, ya ce, "Kawu, in ka cire wannan ɗin ma ya mutu fa. Fulowam ɗinsa ke nan. Yana cikin littafi, har sunan abin akwai."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi zane ba, bai ma daina fifita ba. Baba ya sauke gizago a hankali. Ya tambaye shi, yau da gaske cikin littafi? Bashar ya ce har an taɓa tambaya a jarrabawa. Baba ya ja da baya ya dubi maɗacin tun daga ƙasa har sama, kamar yau ya fara ganinsa, ya ce ashe tsofaffi da suka ce gabas da yamma ba a banza suka faɗa ba. Ya juyo ya ce mini in kwaɓa laka da kashin shanu in shafe inda aka sassaƙa, in kuma kewaye gindin da ƙaya.

Bashar, don Allah ya gani, ya ce ai Lawali ma ya sani, tare muka karanta. Baba ya ce awo, wato e, ya wuce gida da ɓawonsa.

Na yini ina shafa laka a jikin itace, rana na dukan ƙeyata, bawana kuma ya koma tabarma ya rufe fuska da tawul. Bayan la'asar a majalisar ƙofar gida na ji Baba na ba da labari. Ɗan Asabe ya ceci maɗacin kakansa. Ɗan Asabe ya ce icce ma hanji gare shi. Washegari labarin ya kai masallaci, bayan kwana biyu wani dattijo ya zo takanas ya tambayi Bashar ko mangwaronsa da akuya ta gwaguya zai rayu. Inno ta sami sauƙi, ta ce albarkar angonta ce. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba, sai in an zo wurin laka.

Maɗacin yana nan har yanzu da ɗamararsa ta arewa, gefen kudu ya warke ya yi tabo mai kauri kamar leɓe. Gawon da Fulani ke hawa ne babu ko ɗaya, inda itatuwan suke a da iska ta kwashe ƙasar, ruwa ya zaizaye ya yi kwazazzabo. Yanzu da famfo mai aiki da hasken rana muke jan ruwa, ba guga ba tarin inji, sai dai bututun da muke zurawa ya fi igiyarmu ta da tsawo nesa ba kusa ba.

Bashar ya gama jarrabawa gab da sallah ya koma Kalgo. Littafin ma ashe na aro ne, ya tafi da shi. Bayan sallah hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa, mu fito mu tsaya muna kallon gabas, iska ta taso ta kwashe shi. Sai wata la'asar ya haɗo baƙi ƙirin bai watse ba. Ƙamshin ƙasa ya riga ruwan isowa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yara suka fita tsirara, shanu suka tsaya cikinsa ba su ko motsi.

Da safe muka fita shuka. Baba na gaba da sungumi yana sara, ni ina biye da ƙwaryar iri, in jefa gero in rufe da diddige. Ƙasa sanyi, tana shiga tsakanin yatsu. Na bari muka yi nisa cikin gona, sannan na ce, Baba, ruwa ya zauna, ga maganar rudu.

Bai juyo ba, bai kuma daina sara ba. Ya ce dama yana son ya yi mini maganar. Ya ce abin da ya faru a gindin maɗaci ya buɗe masa ido, yanzu ya yarda boko ba wasa ba ne, kuma zunubi ne a bar kai irin na Bashar ya tsaya a hanya, ga mahaifinsa ba ƙarfi. Saboda haka ya riga ya aika wa Goggo Asabe cewa rudun nan na Bashar ne, ya ci gaba da karatu da kuɗinsa. Ni kuma hannuna ya riga ya faɗa a lambu, Allah ya ba kowa inda zai ci. In ina son sanin wani abu, ga ɗan'uwana nan, sai in riƙa tambayarsa.

Na tsaya da iri a hannu. Na ce, "Baba, ni na fara faɗa maka. Kafin ya zo. Har zane na yi."

"Awo, ka hwaɗi," in ji shi. "To kai wa ya hwaɗa maka?"

Sungumi ya ci gaba da sauka, ramuka na ƙaruwa a gabana, dole na bi. Mun kai ƙarshen layi ya juyo don mu kamo wani, ya dubi ramukan da na baro a baya ban rufe da kyau ba, gero a zube a kai tsibi-tsibi.

"Rage hannu, Lawali," ya ce. "Iri kaka ɓarna."